Yaƙina da Macijin Ciki a Hanyar Zariya

Inna ce ta fara cusa mini zargin. Ta zuba mini ido ina suɗe kwano na biyu, ta ce, "Ɗan nan, ci kamar gara, jiki kamar sillen kara. Wallahi akwai masu taya ka ci a cikin nan."

Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa da mai tallan magani ya leƙo motarmu a tasha yana rantsuwa cewa ƙwayarsa tana fatattakar tsila da macijin ciki har jikokinsu, ban yi ciniki ba. Na sayi ƙulli biyu, ɗaya nawa, ɗaya tsarabar uwargida. Ƙwaya uku-uku a leda, ba kwali, ba lambar NAFDAC, balle ranar lalacewa. Ya ce ɗaya ake sha. Ni kuwa na yi lissafin cewa tsutsar da ta shekara talatin tana cin tuwona kyauta ba za ta tashi da sammaci ɗaya ba. Na watsa ukun, na kora da ruwan leda, ko koko ban sha ba.

Har Kura lafiya lau. Muna dosar Kwanar Dangora cikina ya fara kiɗan kalangu, gumi ya keto, bishiyoyi suka koma bibbiyu.

"Direba, don girman Allah tsaya!"

"Malam, salla ce?"

"Ta fi ƙarfin salla!"

Sau uku ana tsayawa kafin Tashar Yari. A na ukun wata tsohuwa ta miƙo mini butarta, ta ce in riƙe ta bar mini.

A asibiti, ma'aikaciyar jinyar ta juya ledar kamar an ba ta mushen ɓera. Ta ce ita kanta ba za ta iya rantsuwa kan abin da na haɗiya ba. Na gaskiyan, albendazole, ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 400, a tauna, shi ke nan. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu rabi ake ba shi, a niƙa a ruwa kada ya shaƙe. Sai ta hango ɗaya ƙullin.

"Wannan fa?"

"Na iyali ne."

"Tana da juna biyu?"

Na ce wata biyu. Kallon da ta yi mini ya fi ciwon cikin zafi. Ashe a watanni ukun farko ba a ba mai ciki maganin nan sam. Ta jefa tsarabar a kwandon shara, ta tura ni gwajin bayan gida, wanda a ranar bai yi mini wuyar samarwa ba.

Sakamako ya fito: babu tsutsa, babu ko ƙwanta. Na kai wa Inna takardar ina jiran ban haƙuri. Ta riƙe ta a juye, ta ce, "To, ashe kai kaɗai ke cinye mana hatsi."