Yallaɓai, A Cire Tabarau

A ƙasar nan in mutum ya ce zai je ɗaukar fasfo, ba lallai ne yana nufin koren littafin nan na Hukumar Shige da Fice da ake hawa jirgi da shi ba. Galibi ɗan guntun hoton nan yake nufi, daga ƙirji zuwa ka, wanda girmansa bai wuce kwalin ashana ba. Akwai wanda ya ɗauki fasfo ya fi sau talatin, alhali tafiya mafi nisa da ya taɓa yi ita ce daga Faringada zuwa Bukuru. Makaranta tana so, banki yana so, ƙungiyar 'yan Keke tana so, mai gidan haya ma yanzu sai ya karɓi naka da na wanda zai tsaya maka.

Ina da aboki mai shagon hoto a nan Jos, tsakanin Taminus da titin Masallacin Juma'a. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: benci guda, kujerar roba, ƙyalle biyu a bango, fari da ja, sai madubi da mataji, da wata baƙar kwat da ta hau kafaɗar rabin samarin Gangare da Unguwar Rogo, da taye wanda tun da aka ɗaura shi ba a sake kwancewa ba, ta ka ake zura shi. In hunturu ya kankama, sanyin Filato ya hana zaman waje, nan nake rakuɓewa da kofin shayina. A nan na gane cewa duk sana'ar abokina kalmomi huɗu ce: “Yallaɓai, a cire tabarau.” Yadda mutum ya karɓi wannan magana kuwa, ya ishe ka sanin ko shi wane ne.

Dokar ba don mugunta aka yi ta ba. Walƙiyar kyamara tana dukan gilashi ta dawo, sai a ga farin tabo inda ƙwayar ido take. Bakin tabarau yana rufe gefen ido, yana kuma jefa inuwa a kunci. Da can mutum ne ke duba hoto, ya ɗago ya dube ka, ya ce wuce. Tun da Najeriya ta koma fasfo mai ƙwaƙwalwar na'ura a 2007, mai dubawar ya zama inji, shi kuma bai san girma ba, tazarar idanunka kawai yake aunawa. Amurka ma tun 1 ga Nuwamban 2016 ta daina karɓar hoton fasfo da na biza mai tabarau, sai mai larura da takardar likita. Abokina ba ya ɓata yawunsa wajen wannan bayani. Cewa kawai yake yi, “Ba ni na ce ba, kwamfuta ce.”

Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Farfesan Dole. Za ka gane shi da biro biyu a aljihu da jaridar shekaranjiya a hammata. Tabaraunsa mai siririn bakin zinare ne, kuma gilashin da ke ciki da na tagar ɗakinka duk ɗaya, ba magani ko na kwabo. Amma a ganinsa a nan iliminsa yake zaune, in aka cire, digirin zai bi.

“A wane sashe na doka aka rubuta haka?” in ji shi.

“Yallaɓai, dawo da shi za su yi.”

“Su wa? Kira min su.”

Sai ya kawo labarin yadda ya ɗauki hoto da wannan tabarau tun Jami'ar Jos tana ƙuruciya, ba wanda ya ce masa kanzil. Layi ya taru, wata mai goyo ta yi tsaki, ya waiwaya ya dube ta ta saman gilashin, don ta nan ɗin dai yake gani sosai. Daga ƙarshe ya cire, ya naɗe a hankali kamar mai sauke rawanin sarauta. Abin mamaki, a hakan, ido tsirara, ya ɗauki fom ɗin wani yaro da ke gefe ya karanta masa ƙananan rubutun ƙasan takarda tas, har ya gyara masa kuskure.

Sai mai baƙin tabarau. Waɗannan gida biyu ne. Dattawan cikinsu zamanin Janar Sani Abacha ne ya kama su, tun 1993 suke kallon duniya a duhu, har yau ba su fito ba. Samarin kuma laifin garin ne: Jos garin 'yan fim ne, nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, don haka kowane yaro mai gyaran gashi yana jin saura ƙiris a gano shi. Zai zauna a karkace, ya sa hannu a haɓa. A ce ya miƙe, ya sauke hannu, ya cire tabarau. Da cirewa sai jarumin ya ɓace, a bar ka da ɗan Inna mai ƙananan idanu da bai gama barci ba.

Sau ɗaya tak na ga an juya dokar. Wani ya shigo da baƙin gilashi, aka ce ya cire, ya ce to, amma fa afolo yake yi. Kowa ya san afolo, ciwon jan idon nan da ya ci sunan kumbon Amurka saboda ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da aka sauka duniyar wata. Kuma duk bayanin da likitoci ke yi cewa ta hannu da ƙyalle ake ɗauka, mutanenmu sun riƙe cewa haɗa ido ma ya isa. Kafin ya kai hannu fuska, benci ya watse. Farfesan Dole na wannan rana ya fi kowa ɗaga murya: “Bar shi! Bar abinka! Doka ai don mutum aka yi ta!”

Yanzu bari in zo kan dangina, mu da tabarau ba ado ba ne a wurinmu, sandar makaho ce. Ba ma gardama, mun san ba mu da gata. Muna cirewa shagon ya zama kunu: abokina ya koma wata doguwar inuwa, kyamara ta narke cikin rigarsa. Sai ya ce, “Kalli nan.” Ina ne nan? Ka nufi inda murya ta fito, ashe ya matsa. Ka ƙanƙance ido don ka hango shi, ya ce ka buɗe. Ka buɗe da ƙarfi, ya ce ba haka ba, kamar ka ga kura. Ga shaida biyu jajaye a karan hanci inda tabarau ya shekara goma yana zaune, ga fatar gefen ido da ba ta saba da iska ba ta yi wani fari-fari. Ƙyas! An gama. Ya juyo maka bayan kyamara ya ce, “Ya yi?” Kai kuma tabaraunka yana kan benci, wani ya kusa zama a kai, sai ka ce ya yi. Sai an wanko kwafi takwas, an yanka da almakashi, an zuba maka a 'yar ambulan, ka mayar da idanunka, sannan ka yi ido huɗu da wani bawan Allah mai kama da wanda 'yan sanda ke nema ruwa a jallo.

Wannan mutumin ne a katina, kuma shi nake yi wa dako a aljihu. Ran nan a ƙofar wani ofis mai gadi ya karɓi katin, ya dube shi, ya dube ni.

“Malam, wannan ba kai ba ne.”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Cire gilashin mu gani.”

Na cire, na ƙanƙance ido ina laluben inda yake. Sai na ji ya yi dariya ya ce, “Yawwa, ga munin ya fito. Wuce.” Na wuce, na yi karo da ƙofar gilashi.

Lokacin biyan kuɗin kujerar Hajji kuwa, shagon na tsofaffi ne. Inna takan zo da jikanta. An yi mata aikin yanar ido, an ba ta tabarau mai kaurin gindin kofi, hannu ɗaya ya karye an ɗaure da zaren lilo ya zagaya ƙeya, a kansa ɗankwali, a kan ɗankwali hijabi, a kan hijabi rigar sanyi. Cire shi aikin gayya ne.

“Inna, za ku ɗan cire mana tabarau.”

“Ɗan nan, likita ya ce kada in raba shi da idona.”

“Na minti ɗaya ne, Inna.”

“Minti ɗayan ma bai ce ba.”

Sai jika ya lallaɓa, an kwance, ta riƙe abinta da hannu biyu a cinya kamar ƙwai. Walƙiya na tashi ta runtse ido ta ce a'uzubillahi. A sake. Ta sake. “Inna, ku buɗe ido.” “Ai a buɗe suke, ɗan nan, iyakarsu ke nan.” A karo na biyar jikan ya yi dabara, ya ce, “Inna, wa ya ci goron da kika ajiye?” Ta zaro ido, ƙyas. Da wannan fuska ta tuhuma aka cika mata takardu. Amma ita kaɗai ce a duk masu zuwa ba ta neman ganin hoton. Sa wa mai hoto albarka take yi, ta ce Allah ya kai shi shi ma.

Mai ciniki ba ya ƙi, ba ya yarda. “To in ɗaga shi kan goshi fa?” A'a. “Kan hula?” A'a. “In saƙale a wuyan riga, ya ɗan leƙo?” Kai ka ce a kasuwar Katako yake taya katifa. Akwai kuma mai gilashin hawainiya, wanda ke baƙi a rana ya washe a inuwa. Shi rantsuwa yake yi fari ne, a dai ba shi minti uku, ya tsaya a lungu yana fifita shi da fom.

Na zamani ba ya ma zama a kujera. Waya zai miƙo, da hoton ranar ɗaurin aurensa: “Oga, ka goge min tabarau a kwamfuta. Da hular. Da kafaɗar wancan.” Abokina ya ce in ya goge gilashin, ido fa? “Ka nemo wasu masu kyau ka sa.” Kishiyarsa ɗan takarar kansila ne, wanda idonsa garau, amma an gaya masa fosta ba ta cika sai da tabarau. Nawa aka taɓa ara masa. Ya ɗora, jiri ya kwashe shi, ya dafa bango, ya ce a ɗauka da sauri. Wata uku ina ganin tabarauna a jikin turakun lantarki daga Dilimi har titin Bauci, yana yi wa jama'a alkawarin ruwan famfo.

Shi abokin nawa fa? Wanzami ai ba ya son jarfa. Shekaru sun ja, shi ma ya fara sa na karatu, ba ya ganin bayan kyamara sai da shi. Kwanan baya ya buƙaci hoto na katin ƙungiyarsu, ya miƙo min kyamara, ya zura kwat ɗin nan, ya gyara taye, ya zauna gaban farin ƙyalle ya ɗaga haɓa. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya. Shekara nawa ina jiran wannan rana.

“Yallaɓai,” na ce, “a cire tabarau.”

Ya dube ni ta saman gilashin.

“Kai, danna kawai,” in ji shi. “Wannan na ƙungiya ne, ba na jirgi ba.”