Masu Saita Tayar Baya da Masu Hana Ta Saitu

Aikin bai taka kara ya karya ba. A sassauta notin da ya riƙe tayar, a juya ajasta ta hagu da ta dama daidai wa daida, a duba zanen da ke jikin ƙarfen ya zo ɗaya a kowane gefe, a bar wa ceni wasan santimita 2 zuwa 3, a ɗaure. Amma je ka rumfar kanikawa a Makarfi ranar Laraba, kasuwa na ci, ka ga yadda 'yan Adam ke mai da shi shari'a.

Akwai Oga Mai-ido. Shi ba ruwansa da zane. Zai tsuguna bayan mashin, ya kanne ido ɗaya, ya ce wa yaronsa, "Ƙara kaɗan. Dawo. Yauwa, ɗaure!" Mai mashin ya hau ya tafi, tayar gaba ta nufi Tashar Yari, ta baya kuwa hankalinta na Ikara. In ka dawo da ƙorafi, ya ce ai kafaɗarka ce a karkace.

Kishiyarsa shi ne Malam Mai-zare. Zai ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, gefe da gefe, ya auna tazara, ya kwance, ya sake aunawa, ya juya tayar a hankali yana laluben inda ceni ya fi tauri, don a nan ake gwada wasansa. A kira azahar ya tafi, ya dawo ya ɗora daga farko. Gaskiya tana wurinsa, kuma ni can nake kai nawa, sai dai ka zo da guzuri.

Su ma masu mashin ɗin ba kanwar lasa ba ne. Ga mai rake, wanda ya labta wa Boxer ɗinsa dammai har ba a ganin fitilar baya. Buƙatarsa ɗaya: "Oga, ɗaure min shi tamau, ba na son ƙara." A yi masa bayani cewa lodi na danne mashin, cenin ya ƙara ɗamewa da kansa, ya cinye haƙoran sifoket, ya kashe boris. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Na ji. Ɗaure." Bayan kasuwa biyu sai ga shi yana turo mashin, yana tsine wa kayan zamani marasa ƙwari.

Ɗan acaba ko hula ba ya cirewa. Gefen ceni kawai yake so a taɓa, fasinja na jira. Taya ta cinye ta gefe guda, ya rantse laifin titi ne. Mai tumatir daga Kudan kuwa kwandonsa ne ya rinjaya hagu, amma ya dage taya ce. Bakanike mai wayo ya ƙwanƙwasa sifana sau biyu, ya faki ido ya gyara ɗaurin kwandon, ya karɓi kuɗinsa har da godiya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Baban benci, irin wanda ba a rasawa a kowane gareji daga Hunƙuyi har Paki. Ba shi da mashin, ko keke ya sayar, amma tun kafin a kashe inji ya yanke hukunci: "Yaro, ba saiti ba ne, rim ne ya lanƙwashe." A yi banza da shi, a sha wahala awa guda, a ɗaga taya a juya, sai ga rim na rawa. Daga ranar, duk wanda ya zauna a bencin sai ya sha labarin.

Sai yaron gareji, wanda ya ja taya baya tsaf, ya ɗaure komai, ya manta bai sake saita sandar birki ba. Mai mashin kan gano haka ne a bakin kasuwa, lokacin da akuya ta gitta.