Baƙin da Ke Zuwa da Gidansu

Baleta, tsibirin Malta

Zuwa ga bawana, ɗan Gwaggo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da tumbin naka. Saƙonka ya iso. Kuɗin rufin ɗakin Inna na turo ta hannun wanda ka sani, kada ka taɓa ko sisi da sunan kuɗin mai. Maganar fili a bar ta sai na kira Baba. An sabunta mini takardu, alhamdu lillahi. A wurin aiki kuma an ɗauke ni daga wanke-wanke an mai da ni gaba, yanzu ni nake tarbar baƙi in kai musu abinci, da farar riga da baƙin wando. Ka gaya wa Gwaggo ɗan wanta yana gaishe da mutum da Turanci, da Italiyanci, da yaren Malta. To, na gama da wannan, gyara zama ka sha labari.

Ka tambaye ni wai me ake yi a tsibirin da ba kogi ba daji. Baƙi ake karɓa. Sai dai irin baƙin da ko a tatsuniyar Kaka ba ka taɓa ji ba. Baƙo ne zai zo da ɗakinsa, da gadonsa, da madafarsa, da wurin wankansa, har da likitansa, ya ɗaure su a bakin gari, ya shigo ya zazzaga, kafin magariba ya kwance gidansa ya yi gaba da shi.

Jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido nake nufi. Gidan abincin da nake aiki yana cikin tsofaffin rumbunan ajiya na bakin tasha, guda 19 a jere, waɗanda wani shugaban tsibirin mai suna Pinto ya gina a 1752. A gabanmu jiragen suke tsayawa. Akwai wani da ake kira MSC World Europa, tsawonsa mita 333, yana ɗaukar fasinja sama da dubu shida, ban da ma'aikata. Kai mayen ƙwallo, shi ne aka girke a Doha ya zama otal lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022. Mutanen da ke zaune a cikin ganuwar Baleta kuwa ba su kai dubu shida ba. Ka ga ke nan ran da ya zo cike, baƙo ya fi masu gida yawa. Idan ya tsaya, rana ba ta leƙo teburanmu sai ta nemi izininsa.

Da sassafe yake shigowa, a hankali, ta tsakanin tsofaffin sansanonin yaƙi biyu da ke gadin bakin tashar. Fasinjoji na can sama sun jeru, rana ta bugi ganuwar dutse ta mai da ita launin zuma, ga hasumiyoyi da ƙubbobi hawa-hawa. Tsakani da Allah, wannan shigowar kaɗai ta isa a biya mata kuɗi. Ni da nake gani daga ƙasa kullum, har yau sai na dakata da goge tebur na kalla.

Daga nan sai a buɗe ciki su fara zubowa. Kowa da kati rataye a wuya. Katin nan shi ne makullin ɗakinsa, shi ne lalitarsa a cikin jirgi, shi ne shaidarsa ta komawa. A ƙirji kuma an manna wa kowa lamba. Can gaba wata baiwar Allah ta ɗaga sanda mai ɗan allo a kai, an rubuta lambar. Shi ke nan, sai ka ga manyan mutane, masu furfura, masu kamfanoni, sun bi sandar nan kamar garke a bayan makiyayi. Matar mutum ta kira shi bai ji ba, amma lamba goma sha huɗu na karya kwana zai karya. Ina da yaƙinin da zan ɗaga faranti sama in miƙe hanya, mutum arba'in za su biyo ni har ɗakina a Hamrun, su ɗauki hoton tukunyata.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, bawana, shi ne saurin. Mutum ya tara kuɗi shekara guda don ya huta, ya ƙetaro teku, sannan ya zo yana hutawa da gudu. Garin da aka aza harsashinsa tun 1566, awa shida ko bakwai suka ware masa. Ba sallama, ba ina gajiya, ba ya muka same ku. Ba wanda ya tambayi gidan mai unguwa. Ba wanda ya ce a nuna masa dattijon gari ya kai gaisuwa. Ido ɗaya na kan ginin tarihi, ɗaya na kan agogo. Ka kawo wa mutum kofi, kafin ka ajiye ya nemi takardar kuɗi. Akwai wadda na ce wa sannu da zuwa, kafin in rufe baki ta ce mini sai wata rana.

Nan na tuna da kai. Kai da ka zo suna gidanmu ka zauna har aka yaye yaron! Da kai aka rataya wa katin nan, jirgi zai isa Barsalona kana nan kana tambayar ko akwai ƙarin miya. Gaisuwarka kaɗai za ta cinye awa shidan: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya haƙuri da mu. Kafin ka gama da mai gadin tasha, an ɗaga anga.

Kada ka ɗauka ba su da abin gani. Garin ya cancanci a zo masa, kuma bayanin masu sandar nan na ji shi har na haddace. A 1530 Sarki Sharl na Biyar ya ba wa wata ƙungiyar mayaƙan Kirista tsibirin, ladan haya shaho ɗaya a shekara. A 1565 rundunar Daular Usmaniyya ta Sarki Sulaiman ta kewaye su kusan wata huɗu, ba ta ci su ba. Shekara na zagayowa shugabansu, Balet, ya fara gina wannan birni da aka sa wa sunansa. Daga baya Napoliyon ya ƙwace a 1798, Ingila ta karɓa ta riƙe har 1964. Duk wanda ya zo sai ya bar gini, shi ya sa hukumar UNESCO ta ƙirga wuraren tarihi 320 a fili hekta 55 kacal. Wannan ne sirrin da ya sa masu jirgi ke son garin: ƙarami ne, da ƙafa ake gama shi, ana jin Turanci, ana kashe yuro, kuma jirgi a gindin ganuwa yake tsayawa, ba sai an nemi mota ba.

Daga tasha akwai lif mai tsayin mita 58 da aka buɗe a 2012, ya ɗauke ka daga bakin ruwa ya dire ka a lambun Barrakka, inda za ka hango tashar gaba ɗaya da tsofaffin garuruwa uku na tsallake. Wasu su bi layin babbar majami'ar Yohanna don ganin zanen da mai zane Karabajo ya yi a 1608, shi kaɗai ne zanen da ya sa wa hannu a rayuwarsa. Wasu su hau keken doki, wasu su shiga ƙananan kwale-kwale masu fenti, wasu a kwashe su a bas zuwa Madina, tsohon babban birnin tsibirin. Kowa kuma sai ya ɗanɗana fastizi, wani ɗan gashin fulawa mai ɓawo-ɓawo da ake cusa wa cuku ko wake. Na ga wani tsoho da matarsa sun sayi guda ɗaya tal, sun raba biyu, kowa ya ɗauki hoton rabinsa, sannan suka ci suna lumshe ido. Mutanen da ake girka wa abinci dare da rana a jirgi, ci iya cinka!

Sai batun igwa. A ƙarƙashin lambun nan ana harba igwa da sha biyun rana, a sake da ƙarfe huɗu. A da, da ita matuƙan jiragen ruwa suke saita agogo. Yanzu tun da sauran rabin awa baƙi suke cika baranda, kowa ya ɗaga waya. Da ta tashi, gum! sai rabinsu su zabura, wayoyi su ɗauko sararin sama da tantabaru. Su yi tafi, su duba agogo, su bi sanda.

Igwar la'asar kuwa ita ce farkon tashin hankali, don jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. Duk wanda aka bari, sai ya nemi jirgin sama ko na fito zuwa Sisili ya tari gidansa a gaba, da kuɗin aljihunsa. Bawana, ka zo ka ga gudu. Dattijo mai tumbi irin naka, leda a hannun dama, askirim a hagu, hula ta faɗi bai waiwaya ba, matarsa na baya da takalmi a hannu. Jirgi ya saki hon ɗin da ke kaɗa kofunanmu. Waɗanda suka riga shiga suna can sama a barandunsu suna yi musu tafi da sowa. Mu ma a ƙasa addu'a muke, Allah Ya sa su samu shiga.

'Yan gari na son cinikin, amma tsofaffi na ƙorafin cunkoso da hayaƙi. Tun 2024 an ja wa tashar wutar lantarki, jirgin da ke da wurin jonawa ya jona ya kashe injinsa, an ɗan samu sauƙi.

Akwai waɗansu baƙin da ba mai ɗaukar hotonsu: ma'aikatan jirgin, 'yan Filifin, da Indiya, da Indunusiya. Bayan fasinjoji sun watse sukan sauko na ɗan lokaci, su zauna a teburin ƙarshe, su nemi intanet, su kira gida. Za ka ga ƙato ya kafa waya a jikin kwalbar ruwa yana yi wa jaririnsa wasa. Waɗannan ba na kai musu takardar kuɗi sai sun nema, don na san abin da ke ransu. Kuma duk lokacin da na ga jirgi ya fita da fitilu da kiɗa, nakan tuna tekun nan ne dai ya ci 'yan'uwanmu da suka taso daga Libiya a kwale-kwalen roba. Ka ci gaba da ja wa yaran gida kunne a kan hanyar Agadas, ba da wasa nake wannan ba.

Tausayin fasinjojin nake ji, don garin da suka biya kuɗi su gani sai sun tafi yake fitowa. Da yamma tsofaffi ke fito da kujeru ƙofar gida, a yi hira daga baranda zuwa baranda, yara su buga ƙwallo a kan matakala, mai burodi ya san sunanka ya tambayi lafiyar mahaifiyarka. Ba a sanin gari sai an kwana a cikinsa. Dubban mutane ke sauka a gabana, nakan duba fuskoki ko zan ga hular gida, har yanzu shiru. Ran Juma'a dai muna haɗuwa a masallacin Pawla, daga nan mu tuƙa tuwon samo mu yi Hausa har dare.

Saboda haka ka fara tari. In za ka zo, ka zo ta ƙofa da bizarka, kuma kada ka zo mini da gidanka. Katifa na nan, kuma kai ne baƙon da zan nuna wa mutanen Malta su ga yadda ake zama. Kafin nan, a aiko mini da kuka, da daddawa, da yajin Gwaggo. Ban da kilishi, ba a shigo da nama Turai, kuma na san ko an ba ka ba zai wuce bakinka ba. Kuɗin shararka na bana na haɗa da na Inna, ka je ka durƙusa ka karɓa. Ka gaishe da Baba, da Inna, da Gwaggo, da Kaka, da duk wanda ya tambaye ni. Ka rubuto da wuri, da labari mai tsawo.

Wassalam,
Ubangidanka na Malta