Ranar da Kwamfuta Ta Hana Bazawara Sumuninta

Duk wanda ya karanta babin fara'ili a Risala ya san rabon gado a kan kasaru ya ginu, wato rabi da rubu'i da sumuni, da sulusani da sulusi da sudusi, kuma saboda wahalar hisabinsa ba kowane malami ne ke yarda a kira shi ranar rabo ba. Ni kuwa da yake Allah ya ba ni ɗan rabo a fannin, mutanen unguwarmu a Wudil sukan nemi ni, har ya zamana ɗan ƙanena, wanda ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta nan garin, ya ce, "Baffa, bari in koya maka harshen kwamfuta, ka huta da zanen ƙasa."

Harshen da ya ɗora ni a kai shi ne QBasic, jikan BASIC wanda Kemeny da Kurtz suka ƙago a Amurka a 1964 domin masu farawa. Ya nuna mini abin da suke kira ma'aji, wanda yake kamar ƙwarya ce da aka raɗa wa suna a zuba adadi a ciki, ya ce in na lanƙaya wa sunan alamar % to na yi ma'ajin adadi sahihi ke nan. Kalmar sahihi ta yi mini daɗi ƙwarai, don haka na bi kowane ma'aji na lanƙaya masa ita, yaron kuwa ya koma makaranta.

Ana nan sai wani falken shanu ya riga mu gidan gaskiya, ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa shaƙiƙi, aka sayar da dabbobinsa a kara ranar Juma'a, bayan biyan bashi aka tsaya a kan naira 2,400,000. Na shiga zaure da kwamfuta a hammata, dattawa suna ta gyara zama, tsohuwa uwar mamacin kuwa tana bayan ƙyaure tana saurare. Ina zuba jimillar sai na'urar ta ce ma'ajin ya yi ambaliya, domin ashe irinsa ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767, kuɗin da ko ragon layya ba ya saye yanzu. Na yi gyaran murya, na kira yaron a waya, ya ce, "Baffa, sa alamar & a maimakon waccan, ita tana kai wa 2,147,483,647." Wannan ya wuce lafiya.

Masifar tana cikin kasarun. Ma'ajin adadi sahihi ba ya riƙe gutsure, duk abin da aka ba shi sai ya tura shi zuwa cikakken adadi mafi kusa, ba tare da ya ce uffan ba. Sumunin matar ya koma sifili, sudusin uwa ya koma sifili, sulusanin 'ya'ya kuwa, da yake ya haura rabi, ya cika ɗaya cur. Na ɗaga murya, da irin muryar da nake jan baƙi, na karanta cewa 'yan mata sun kwashe dukiya duka, saura kowa ya yi haƙuri.

Wan bazawarar ya miƙe har hularsa na faɗuwa, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan a wace mazhaba?" Tsohuwa daga bayan ƙyaure ta ce a tambayi injin ko shi ya yi naƙudar mamacin.

Liman ne ya share ƙasa da tafin hannu, ya kafa asalin mas'ala ashirin da huɗu, ya ba matar uku, uwa huɗu, 'ya'ya sha shida, shaƙiƙi ɗaya, kowane kaso naira dubu ɗari. Magabata dai tun da can da cikakkun adadi suke aiki, su ninka tukuna sannan su raba, kuma da aka jera wa na'urar lissafin a kan wannan tsari, amsarta ba ta saɓa wa ta Liman ba ko da kobo. Amma har yau in na gai da tsohuwar, ba ta amsawa sai ta fara tambayata lafiyar injin.