Maɓallin Yana Gabanki, Hajiya

Duk matashin da ke son shiga sana'ar tsara manhajojin waya a Manchester ko Birmingham, tambayarsa ba ta wuce biyu: wane kwas zan yi, kuma wata nawa zan ƙware a Figma? Ni kuwa, da yawun duk waɗanda suka sha wannan kunya, cewa nake yi makarantar gaskiya ita ce mintunan da za ka zauna ka kame bakinka wani yana lalube a cikin abin da ka zana. Aiki dai akwai shi. BBC ta kwaso ma'aikata zuwa Salford a 2011, Auto Trader da Co-op suna Manchester, bankin HSBC ya kafa hedikwatarsa ta Birtaniya a Birmingham a 2018. Sai dai mai ɗaukar aiki, in ya gama yaba launukanka, tambayar da ke biyowa ita ce: da wa ka gwada?

Ƙa'idar gwajin ba wuya. Ka miƙa wa mutum waya, ka ba shi aiki ɗaya, ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa, kai kuma ko uffan. Sabon shiga ba shi da kuɗin biyan masu gwaji, don haka sai ya ƙare a falon wata Hajiya a Cheetham Hill ko Small Heath. A ce manhajar adashe ce, aikin kuma ta yi zubin wata. Maɓallin yana tsakiyar allo, siriri, ruwan toka a kan fari, domin shi ake yayi. Yatsan Hajiya ya taso ya nufo shi. Ka riƙe numfashi. Yatsan ya yi shawagi a kansa, ya wuce, ya sauka kan tambarin da ke sama. Ta danna. Ta sake dannawa da ƙarfi. Ta goge allon da gefen mayafi, ta ɗaga tabarau, ta nisanta wayar, ta kusanto da ita. Can sai babban yatsanta ya dawo ya kwanta daidai kan maɓallin, har ka fara godiya ga Allah, ashe gyara riƙo take yi. Ya rufe shi ruf. Tana neman abin da ke ƙarƙashin yatsanta, kai kana gyaɗa kai kana rubutu a littafi alhali ba abin da kake rubutawa. Sannan ta dube ka da tausayi ta ce, "Ɗan nan, ko dai ba ka gama ba ne? Ba komai, a hankali ake girma."

Za a ce ai Hajiya tsohuwa ce, ba don irinta aka yi manhajar ba. To wa ke riƙe adashe in ba irinta ba? Matar da ke tura saƙon murya a WhatsApp, ta yi kiran bidiyo da jikokinta a Kano, ta aika kuɗin azumi gida daga wayar nan, ba waya ce ta gagare ta ba. Tun 1988 masanin wannan fanni Don Norman ya yi bayani da misalin ƙofa: in mutane suna ta jan ƙofar da turawa ake yi, laifin wanda ya tsara ƙofar ne. Har doka ta shigo ciki, domin tun 2018 wajibi ne shafukan hukumomin gwamnati a Birtaniya su zama masu amfanuwa ga masu raunin gani da sauran naƙasassu, kuma ma'aunin da ake bi ya ce bambancin hasken ƙaramin rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Ruwan tokan nan na yayi yakan faɗi wannan jarrabawa. Wasu kuma za su ce mutum ɗaya ba hujja ba ne. Gaskiya ne. Wani masanin kuma, Jakob Nielsen, ya rubuta a 2000 cewa mutum 5 sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin, ma'ana akwai sauran falo huɗu da ke jiranka.

Ladan da ke cikin abin shi ne ba a rasa Kawu a kujerar gefe, ya dawo daga tuƙin tasi yana shan shayi. Shawararsa ta farko, a mai da komai kore da ja. Ka yi masa bayani cikin ladabi cewa kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambance launi, galibi ma waɗannan biyun. Ya ce a danginmu babu. Ta biyu, a ƙara wa tambarin girma tunda shi Hajiya take so. Ta uku kuwa sai da ya ajiye kofi: "Ka rubuta lambarka a sama da manyan baƙi. Duk wanda ya rasa maɓallin ya kira ka, ka gaya masa inda yake."

Hajiya ta ce, "Wallahi da ya fi. Karanto min lambar."