Kafin Ka Zama Abubakar Imam na Madarunfa

To ƙanena, labari ya iso cewa za ka rubuta littafi. Madalla, Allah ya sa albarka. Amma tunda labarin ya riga littafin fitowa, daga nan za mu fara gyara. Ka rage ba da shi a fada. Duk daren da ka zauna gaban butar shayi ka kwashe babi na ɗaya ka faɗa wa abokai, har da yadda jarumin zai haɗu da yarinyar a babi na bakwai, to labarin ya fita ta baki, hannu kuma ya samu hutu. Kafin a zuba shayi na uku sun raɗa maka suna Marubuci, sunan ya bi ka har kasuwa, alhali ko shafi biyar ba ka cika ba. Ka je kanti ka sayi kaye mai kauri da bik biyu, ka kama bakinka wata uku. Wanda ya tambaye ka ina littafi, ka ce yana kan wuta, sannan ka juya zancen zuwa kokawa da wanda zai ɗauki takobi bana. Ba wanda zai sake tuna ka har a tashi.

Sai maganar inda labarin zai faru, kuma a nan nake so ka ba ni kunnuwanka biyu. Na san abin da ke ranka. Jarumin ɗan attajiri ne, gidansu a Maitama ta Abuja, yana da kamfani a Dubai, motarsa baƙa wuluk, ba ya dariya, magana ma da gira yake yi. Haba ƙanena! Kai da iyakar tafiyarka Katsina ce, ranar da ka raka kawu ganin likita, me ya kai ka Maitama? Masu waɗannan gidaje suna da marubutansu, har sun yi musu yawa. Madarunfa ce ke jiran nata.

Ka fita da sassafe ka tsaya bakin tabki. Ga masunci ya jawo taru, ƙafafunsa sun yi fari fat saboda daɗewa cikin ruwa, yana ware tarwaɗa gefe, karfasa gefe, ba tare da ya ko duba hannunsa ba. Ga mata da kwanoninsu sun zagaye shi, wannan ta taya, ya ce albarka, waccan ta ɗaga kifi ta shinshina ta mayar, ta yi kamar za ta tafi, shi kuwa ya san ba inda za ta. Ka tambayi kanka me ya sa tun ɗazu bai kalli waccan mai shuɗin zane ba, ita kaɗai, kuma me ya sa ita ma ba ta taya ba. Babi na ɗaya ke nan, kyauta. A kewayen ruwan nan ne kaburburan waliyyai 99 da iyayenmu ke ba da labari suke, kuma tun 2006 Nijar ta saka tabkin da kurmin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Baƙi na tasowa daga nesa don ziyara, kai kuwa kullum kana wucewa ta wurin a bayan kabu-kabu kana tunanin Dubai.

Idan ruwa bai ishe ka ba, ga iyaka. Ka bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa Ɗan Isa ta faɗa Jibiya, ka zauna a rumfar mai shayi yini guda, alƙalami a aljihu. Za ka ga ɗan canji da damin naira a dama, sefa a hagu, lissafi a ka. Za ka ga yaro mai fetur a kwalabe da ya fi ɗan jarida sanin abin da ke faruwa a Abuja, domin duk abin da aka yanke can a kwalbarsa yake fara bayyana. Za ka ga direban da ya san sunan ɗan kowane ma'aikacin duwan. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, kuma kowane rufi ya raba wani ango da amaryarsa, ya raba wata uwa da ɗiyarta mai haihuwar fari a tsallake. Wace soyayya mai wuya kake nema da ta fi wannan? Sulaiman Ibrahim Katsina ya ɗauki harkar fasa-ƙwauri ya gina Turmin Danya a kanta tun farkon shekarun 1980. Ya kalli abin daga can ɓangaren. Daga wannan ɓangaren, tagar a buɗe take.

Akwai kuma abin da ba na raha ba ne. Mutanen Gabi da ƙauyukan da ke gefen dajin Baban Rafi sun san abin da ake nufi da a kwana da kunne ɗaya a buɗe, sun san sayar da shanun huɗa don a fanso ɗan'uwa, sun karɓi baƙin da suka gudo daga Zamfara da Katsina da tabarma kawai a ka. Rediyo na faɗin adadi ya wuce. Yadda uwar gida ke dafa tuwo daidai yawan mutanen gidan har da wanda aka tafi da shi, wannan sai mai labari. In za ka taɓa wannan, ka taɓa shi da tsoron Allah, ka saurari waɗanda abin ya shafa fiye da yadda kake magana, kuma kada ka rubuta abin da zai nuna gidan kowa.

Mai son tarihi ma ba zai yi yunwa ba. Ga Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi suka kafa sarauta a Maraɗi, ga zamanin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, ga ambaliyar 1945 da ta tashi garin daga kwari ta mayar da shi tudu. Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya, labari ɗaya ya ɗauka daga bakin tsofaffi, na Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Littafin ya fito a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ƙarshen Voulet da Chanoine kuwa a jiharmu ya auku, wajen Maijirgi kusa da Tasawa, inda kaburburan kwamandojin biyu suke.

Mamani da Faransanci ya rubuta, kuma na san kai ma zuciyarka na raya maka haka, don mushen da ya koyar da kai a lakwal ya ji daɗi. Ka gaishe shi da kyau, ka kai masa goro, amma ka rubuta da harshen da kake mafarki da shi. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Yamai suka fitar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Takarda ta yi nata. Littattafan da yara za su ɓoye cikin kaye suna karantawa a bayan aji, su ne ba doka da za ta iya rubutawa. Ka koyi ƙa'idar rubutu, ka daina haɗe kalmomin da ke rabe, ka saukar da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a salularka. Amma in tsohuwa ta buɗe baki cikin labarinka, ka bar ta ta ce "mi ya hwaru" da "ya tahi" yadda take faɗa. Kada ka sa kakarka ta yi Kananci a littafin jikanta, ba za ta yafe maka ba. Mutanen Kano za su gane, kuma za su ji daɗin baƙon ɗanɗano.

Tunda an ambaci kaka, ga gargaɗi. Dangi za su nemi kansu a cikin littafin, kuma za su samu ko ba ka sa su ba. In ka rubuta mace mai rowa, gwaggo za ta daina amsa gaisuwarka. In ka rubuta mai kyauta, gwaggo uku za su ce su ne. Saboda haka ka canja suna, ka canja unguwa, ka canja sana'a, mai tsawo ka gajarta shi, mai sayar da gujiya ka ba shi shagon ɗinki. Halin kaɗai za ka riƙe, shi ne abin da ka zo nema.

Yanzu burinka. Na ji an ce littafi uku kake shiryawa a jere, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ka riga ka zaɓi hoton bango. Ajiye biyu. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, daga nan aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, nan maƙwabtanmu, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Ka ɗauki littafin ka auna shi a tafin hannu. Siriri ne, ana karance shi a zama ɗaya, ga shi an haura shekara 90 ana karanta shi. Ka yi wa kanka alkawarin shafi ɗaya kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kafin a aike ka. Da damina in noma ya yi tsanani, rabin shafi ya isa. Ranar da kuran ya tafi, kaye ba ya neman caji. Ranar da ka ji ba ka da abin cewa, ka rubuta abin da jarumin ya ci da safe da wanda ya biya, sau da yawa daga nan rigima ke fitowa. Shafi ɗaya kullum daga shuka zuwa girbi, ka lissafa da kanka ka gani.

Salula kuma aminiya ce mai son a kula ta. Yau marubuta da yawa a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi-shafi, wasu ana karanta nasu da murya a YouTube, kuma hanya ce mai kyau ga wanda ke nesa da maɗaba'a. Sai dai in ka saki babi na ɗaya kafin ka san ƙarshe, masu karatu za su karɓe linzami. Wannan ta ce kada a kashe Hajiya, waccan ta ce a ƙara wa jarumi mata, wani ya turo saƙo ƙarfe biyun dare yana neman ci gaba. Kafin ka ankara labarin ya kai babi 90, Hajiyar da ya kamata ta rasu tun babi na goma tana nan da ranta tana aurar da jikoki. Ka gama tukuna, sannan ka saki.

In ka gama, kada ka fara kai wa inna, domin ita tun kana rarrafe take ganin ka fi kowa. Kada ka kai wa abokin da ke bin ka bashi, shi ma zai yaba. Ka tara mutum uku ko huɗu da ba sa jin nauyinka, ka karanta musu da babbar murya bayan isha'i. Hausa a kunne ake gwada ta. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Inda wani ya zaro salula ya fara latsawa, ka sa alama, wannan shafin zai fita ko da shi ka fi so. Inda aka ce "sai me ya faru?", nan ka yi daidai.

Ke kuma ƙanwata, na san kina leƙen wannan takarda ta bayan kafaɗarsa, kuma ina zargin kayenki ya fi nasa cika. Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, aka fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. A 2016 BBC Hausa ta fara shirya gasar Hikayata don gajerun labaran mata. Abin da ake faɗa a bakin murhu da wajen kitso da gonakin zogale na Jiratawa, yayanki ba zai taɓa jin rabinsa ba, ke kuwa kina ji kullum. Ki rubuta, ko da tsakanin daka da ɗora tukunya ne.

Batun kuɗi gajere ne: kada ka sayar da gona, kada ka bar sana'arka. Marubutan da ake kira na adabin kasuwar Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da kansu suka riƙa buga littattafansu suna kai wa masu sayarwa, ba su jira wani ya zo ya gano su ba. Kai ma ka fara da kaɗan, gwargwadon aljihunka. Ka kai wa gidan rediyo a Maraɗi ko za su karanta, ka kai wa ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ka bar kwafi biyar wurin mai sayar da littattafai a tasha, ka rubuta adadin a gabansa.

Saura tsaron kayen kansa. Duk daren Juma'a ka ɗauki hoton shafukan da ka rubuta cikin mako, ka tura wa mutum ɗaya da ka amince da shi. Kayen kuma ka sa shi a leda, ledar a cikin akwatin ƙarfe, saboda gara da ɗigon damina da ƙannen da ke neman takardar ƙunsa ƙuli-ƙuli. Kada ka taɓa barin shi a kan tabarma a tsakar gida ka ce za ka sha ruwa ka dawo. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta, amma mu da muke zaune da ita mun san tana cin takarda, kuma ba ta tambayar ko kana da kwafi.