Yadda Ake Gyara Mutum Ya Dace da Takardarsa a Tabelot

Kafin komai, ya kamata ka san cewa ku biyu ne. Akwai kai, mazaunin Tabelot a gindin dutsen Bagzan, mai sayen albasa a bakin garka yana ɗurawa a buhu yana lodi zuwa Agadas. Akwai kuma na takarda, mazaunin rajista. Hotonku ɗaya, amma hukuma da na takarda take hulɗa. Duk inda kuka saɓa, kai ne ka kauce. Wannan bayani zai nuna maka yadda ake daidaita ku, ko takardar zamanka ce ta ɓace, ko sunanka ne aka rubuta ba daidai ba. Ka bi shi daki-daki, kada ka tsallake ko ɗaya.

Mataki na ɗaya: ka gano matsayinka. A idon doka mazauna Tabelot kashi biyu ne. Akwai ɗan ƙasa, wanda ke buƙatar takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan Nijar da kartidante, wato katin shaida. Akwai baƙo, wanda ke buƙatar takardar ƙasarsa da izinin zama, kuma irinsa sun ƙaru a jihar Agadas tun da harkar zinariya ta buɗe a 2014. Baƙo a nan ba wanda ya sauka jiya ake nufi ba. Mutum yana iya shekara talatin a garin, ya yi aure, ya aurar, ya iya Buzanci har yara su daina yi masa dariya, kuma yana nan a baƙonsa. Baƙunci ba ya tsufa.

Idan daga Nijeriya ka zo, ka riƙe shekaru biyu a ka. A 1979 ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar Afirka ta Yamma, suka sa hannu a Dakar cewa ɗan ƙungiya zai shiga kowace ƙasarsu ya yi kwana 90 ba biza. A ranar 29 ga Janairu 2025 fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, kuma a watan ne Nijar ta kafa sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi. Ƙasashen nan uku sun sanar cewa ’yan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, amma shigowa daban, zama daban. Ka kwanta ɗan ƙungiya, ka tashi maƙwabci, ba tare da ka juya a kan tabarma ba. Wannan canji bai buƙaci sa hannunka ba, saboda haka an sauƙaƙa maka mataki guda.

Mataki na biyu: ka tabbatar da ɓatan. Takarda ba ta ɓacewa don kawai ka neme ta ka rasa. Tana ɓacewa ne ranar da ka je wajen jandarma ko ’yan sanda ka ba da sanarwa aka rubuta. Kafin wannan rana tana nan a wajen hukuma, ko da ruwan kwari ya kai ta Tenere. Za a tambaye ka sunanka da ranar haihuwarka da lambar takardar. Lambar tana jikin takardar. Don haka lokacin da ya fi dacewa a shirya ɓatan takarda shi ne tun tana aljihu.

Ka bambance ɓata da lalacewa. Idan gumi ya cinye tawadar, ko an haɗa ta da riga an wanke, ko gara ta shiga adaka, wannan lalacewa ce, kuma sai ka zo da abin da ya saura. Idan akuya ta ci rabi, ka kawo ɗaya rabin. Akuyar ba ta cikin abubuwan da ake nema. A ƙarshe za a ba ka takarda mai hatimi wadda ke shaida cewa ba ka da takarda. Ka adana ta da kyau. Idan ita ma ta ɓace, sai ka sake wannan mataki, ka ba da sanarwar ɓatan sanarwar ɓata.

Mataki na uku: tafiya. Ofishin magajin gari yana Tabelot, kuma can ake rajistar haihuwa. Babbar kotu tana Agadas. Reshen ’yan sanda mai kula da zaman baƙi hedikwatarsa tana Yamai, haka ma ofishin jakadancin ƙasarka. Daga Agadas zuwa Yamai ya haura kilomita 900, ta Abalak da Tawa da Ƙonni da Dogon Dutse da Doso. A kan hanyar akwai shingaye, kuma a kowane shinge ana tambayar takardar da ka fito nema. Nan ne takardar mataki na biyu take aiki. Ka miƙa ta da hannu biyu, ka yi gaisuwa cikakkiya, ka ce “Ranka ya daɗe, ta ɓace ne,” shi kuma zai karanta ya ga lallai ba ka da ita.

Ka zaɓi lokacin tafiya da lura. Da damina kwari yana kawo ruwa ya datse hanya. Lokacin da albasar Abzin ke fita, sa’ad da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa, manyan motoci suna da yawa, amma a lokacin ne ba ka da sukunin barin garka. Idan kaka ta wuce kana da sukuni, motocin kuma sun ragu. Ka nemi ranar da ke tsakanin waɗannan biyun.

Mataki na huɗu: ka ƙirga kanka. Baza duk takardunka a kan tabarma, ka duba sunayen. Wanda aka raɗa wa suna a Sakkwato aka rubuta Abubakar, da ya ƙetaro Ƙonni ya zama Aboubacar, a rasit ɗin haraji ya koma Boubacar. Usman ya zama Ousmane. Muhammadu yana iya fitowa Mahamadou ko Mohamed ko Mamane. Sunayen Abzinawa masu sautin maƙogwaro, wani magatakarda da gh yake rubuta su, wani da rh. A kunnen mahaifiyarka mutum ɗaya ne. A rajista kowane harafi da ya canza mutum ne sabo, mai nasa haƙƙi da nasa bashi. Idan ka samu kanku uku, kada hankalinka ya tashi. Aikin shi ne a bar ɗaya.

Wanda za a bari shi ne na takardar haihuwa, domin ita ce uwa, sauran daga jikinta aka kwafe su. Idan kuskuren a jikin uwar yake, ba a goge shi da reza, ba a kuma ɗora biro a kansa. Hukumar shari’a ce ke ba da umurnin gyara, sannan a rubuta gyaran a gefen rajista, kusa da kuskuren, su zauna tare. Idan kuma takardun Nijeriya ne, za ka koma gida ka yi rantsuwa a kotu cewa kai ne kai, ka buga sanarwa a jarida, sannan ka nemi gyara a hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa. Jaridar ba ta isa Tabelot, inda duk masu kiran sunanka suke. Wannan ba ya rage ƙarfin sanarwar.

Mataki na biyar: ranar haihuwa. Tsofaffin takardu da yawa a Nijar shekara kaɗai suke ɗauke da ita, da kalmar Faransanci vers a gabanta, alamar kintace. Kwamfuta ba ta karɓar kintace, tana son rana da wata, saboda haka aka saba cike gurbin da 1 ga Janairu. Mai yiwuwa mahaifiyarka ta ce da damina aka haife ka, shekarar El Buhari, wato farin 1984 da aka rufe iyakar Nijeriya. Wannan bayani gaskiya ne, amma babu gurbinsa a fom. Ka karɓi 1 ga Janairu. Za ka tarar yayanka da kawunka da direban motar da ta kawo ka duk ranar aka haife su, kuma hakan yana rage mantuwa.

Idan ba a taɓa yi maka rajista ba, dokar 2019 ta ba da kwana 60 bayan haihuwa a sanar. Tunda naka sun wuce da shekara arba’in, sai an bi ta kotu an yi maka jijima, hukuncin da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa. Za ka kawo shaidu biyu da suka san haihuwarka. Dole su girme ka, su kasance da rai, su iya hawan motar albasa, kuma kowanne ya zo da kartidantensa. Kartidanten nasu daga jijimarsu ta fito, jijimarsu kuma wasu shaidu biyu ne suka tsaya mata. Kada ka bi wannan silsila har tushe, ba a nemi haka daga gare ka ba. Lokaci-lokaci kotun tafi-da-gidanka takan zo karkara ta yi wa jama’a jijima a tashi ɗaya. Idan ka ji labarin zuwanta, bar ban ruwa ka tafi, ka kuma tafi da shaidunka, domin ranar ce kaɗai tafiyar take zuwa wajenka.

Mataki na shida: hoto da shaidar mazauni. Hoton takarda yana son fuska a buɗe, daga goshi zuwa haɓa. A Abzin namiji mai mutunci yana rufe baki da hanci da rawani, musamman gaban surukai. Saboda haka za ka sauke amawali, a ɗauki fuskar da maƙwabtanka ba su saba gani ba, a liƙa ta a takardar da za a riƙa gane ka da ita. Idan an gama sai ka mayar da rawaninka, don mutanen gari su gane ka.

Bayan haka ka nemi takardar da ke shaida cewa a Tabelot kake zaune. Ka lura cewa wasu takardun suna da wa’adi. Takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, alal misali, wata uku take yi. Haɗa fayil kamar ban ruwa ne a garka: kafin fangalin ƙarshe ya sha, na farko ya bushe. Ka fara da masu daɗewa, ka ƙare da masu saurin mutuwa, ka tanadi kuɗin tambur na zagaye biyu. A tsawon wannan lokaci yawancin kwanakinka a tasha za ka yi su, amma a fom ka ci gaba da rubuta Tabelot.

Mataki na bakwai: karɓa. Ranar da aka ce ka dawo, ka dawo. Idan aka ce “sai gobe,” gobe a nan ma’aunin aiki ce, tsawonta ya danganta da samuwar mai sa hannu da wutar lantarki da intanet a rana ɗaya. Da aka miƙo maka takardar, kada ka sa ta aljihu ka yi godiya ka fita. Da Faransanci aka rubuta ta, don haka ka samu ɗan lakwal ya karanta maka da ƙarfi a nan bakin taga. Idan ya kira sunan ka ji ka waiwaya, taka ce. Idan ka ga wani a layi ya waiwaya, koma mataki na huɗu. In komai ya yi daidai, ka yi fotokopi uku, a buga musu hatimi. Ɗaya a gida, ɗaya wajen amininka a Agadas, ɗaya a wayarka. Ka rubuta lambar a bangon ɗaki, sama da inda akuya ke kaiwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi arha a duk bayanin nan. Idan an yi maka haihuwa, kada ka bar kwana 60 su cika. Sanarwar kyauta ce, ana karɓarta a gidan likita da ofishin magajin gari, babu Agadas, babu shinge, babu shaidu masu shekara saba’in. Ka tafi da takardarka a hannu, ka sa a kwafi sunan uba daga jikinta, harafi-harafi. Idan har yanzu akwai kuskuren da ba ka gama gyarawa ba, ka bari a kwafe shi yadda yake, domin ranar da yaron zai nemi shaidar zama ɗan ƙasa, uban da ke cikin rajista za a tambaya, kuma wajibi ne ya amsa cewa ɗansa ne.